Daga Gafaka Zuwa Buhu: Tarihin Ajiyar Littattafai A Gidajenmu

A daminar 2022, lokacin da ambaliya ta ci garuruwa da yawa a Jihar Jigawa, wani abokina a Roni ya kira ni in taya shi fitar da littattafan marigayi mahaifinsa daga ɗakin da ya fara yoyo. Mun tarar da adaka biyu da buhu uku. Na cikin adaka sun tsira. Na buhu kuwa, waɗanda aka jibge a ƙasa don rashin wuri, gara ta riga ruwa isa gare su. Wannan ne ya sa na waiwayi tarihi don ganin yadda magabata suka yi da nasu.

Lokacin da Ibrahim Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819, da hannu ake rubuta kowane littafi. Takarda kuwa daga Italiya fatake ke kawo ta ta hanyar Tarabulus, irin mai tambarin jinjirin wata uku, don haka tana da tsada. Ba a ɗinke littafi. Akan haɗa warƙoƙinsa cikin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka, a rataye a bango. Ratayar nan ba ado ba ce, domin ita ke raba takarda da danshin ƙasa da gara. Malamin da littattafansa suka yi yawa yakan sami adaka, ya ɗora ta bisa duwatsu. Da yake littafin kaɗan ne kuma mai daraja, bai taɓa rasa mazauni ba.

Bugun inji ne ya sauya lamarin. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sai NORLA a 1954, sannan NNPC a 1966. Ga kuma littattafan Larabci bugun Masar da alhazai ke dawowa da su, ko a saye su a Kasuwar Kurmi. Daga ƙarshen shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka kwararo, har 'yan mata a Babura da Gwiwa suka shiga tarawa da ba da haya. Abin da malamin dauri zai shekara yana kwafa, sai ga shi ɗan sakandare ya tara ninkinsa a zango ɗaya.

Amma tsarin gidanmu bai bi wannan sauyi ba. Zaure na baƙi ne, turaka ta maigida, ɗakuna na iyali. An yi wa kwanukan amarya kabad, ba a yi wa littafi ba. Sai ya koma kwali, daga kwali ya koma ƙarƙashin gado, daga nan sai buhu. Ranar rabon gado kuwa, ko a yayyaga tarin tsakanin magada, ko a bar shi ga ɓera, ko jaridun su ƙare a hannun mai ƙosai.

Tarin da suka tsira, yawanci gida suka bari. Alal misali, Malam Umaru Falke, ɗan kasuwa kuma malamin Tijjaniyya a Kano, ya rasu a 1962 ya bar rubuce-rubuce fiye da 3,000. Yau suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Haka kuma Farfesa Graham Furniss ya tara littattafan soyayya masu ɗimbin yawa a makarantar SOAS da ke Landan. A gida ma an yi ƙoƙari: akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa da aka kafa a 1970, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da hukumar tarihi ta Sakkwato mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. Sai dai duk sun yi wa mutumin Gwiwa nisa, kuma ba kowa ke yarda ya rabu da gadon ubansa ba.

Darasin a fili yake. Magabata ba su fi mu faɗin ɗaki ba, sun dai fi mu sanin inda ake ajiye littafi. Mai tari ya ɗaga shi daga ƙasa, ya sa kafinta ya kafa masa katakai a bangon da ba ya jiƙa, ya riƙa shanya shi da rani. Ya rubuta sunayen abin da ya mallaka, ya kuma bar wasiyyar kada a rarraba. Abin da ya maimaitu ya kai makarantar garinsu. Mu kuma marubutan wannan yanki, ya kamata mu nemi ɗaki ɗaya a Kazaure, inda duk wanda gidansa ya cika zai kai nasa amana da sunansa. In ba haka ba, jikokinmu za su nemi tarihin Roni a ƙasashen waje, ko su tarar gara ta gama da shi.