Rigar Kariya Ga Mai Kai Rahoton Barazana a Makarantun Amurka

A jihohi da dama na Amurka akwai dokar da ta ce duk wanda ya ji wani yana barazanar kai hari a makaranta, ya kuma sanar da hukuma da zuciya ɗaya, ba za a ɗora masa biyan diyya saboda wannan rahoto ba, ko da daga baya ta bayyana cewa babu wani hari da aka shirya. Wannan rigar kariya ta shafi ƙarar da mutum kan shigar da ɗan'uwansa yana neman kuɗi, galibi bisa zargin ɓata suna. Ba ta hana gwamnati gurfanar da wanda ya ƙirƙiri ƙarya da gangan.

Tushen waɗannan dokoki yana komawa ga harin makarantar sakandaren Columbine da ke jihar Kolorado, ranar 20 ga Afrilun 1999, inda ɗalibai biyu suka kashe 'yan'uwansu ɗalibai 12 da malami guda. Bayansa ne hukumar da ke tsaron shugabannin Amurka ta haɗa gwiwa da Ma'aikatar Ilimi suka bi diddigin hare-hare 37 da aka kai a makarantu daga 1974 zuwa 2000. Rahotonsu na 2002 ya nuna cewa a kashi 81 cikin 100 na hare-haren, akwai aƙalla mutum ɗaya da ya san da shirin tun kafin a aiwatar, kuma mafi yawan waɗanda suka sani ɗalibai ne. Ashe labari yana fita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai kai shi inda ya dace.

Dalilan yin shiru suna da yawa, daga tsoron ramuwa zuwa gudun a kira yaro ɗan tsegumi. Amma akwai kuma tsoron kotu, wanda a Amurka ba ƙaramin abu ba ne. A jihar Kalifoniya, iyayen wani yaro sun maka wata ɗaliba a kotu bayan ta shaida wa hukumar makaranta wata barazana da ta ce ta ji daga bakinsa. An kori ƙarar da ake yi mata, amma iyayenta suka tashi da bashin lauya na dubban daloli. A 2001 majalisar jihar ta ƙara sashe na 48.8 a kundin dokokinta na hulɗar jama'a. Sashen ya ce wanda ya sanar da shugaban makaranta, ko ɗalibin da ya sanar da malaminsa, wata barazanar amfani da bindiga ko wani mugun makami, ba za a kama shi da ɓata suna ba sai mai ƙara ya kawo hujja ƙarara cewa ya san ƙarya yake yi, ko kuwa ko oho ya yi da gaskiyar maganar.  Sai dai rigar kariya ba ta hana a shigar da ƙara. Hukuncin ƙarshe kawai take sauyawa, kuma kafin a kai can aljihu ya riga ya ji jiki.

Jihar Nebada ta bi wata hanya mai faɗi. Dokarta ta kare duk wanda yake da dalili mai ma'ana na yarda cewa an yi wa ɗalibi ko ma'aikacin makaranta barazana, ya kuma kai maganar ga malami, ko 'yan sanda, ko ma shi wanda aka yi wa barazanar. Sai dai ta toshe wata kafa: wanda yake da hannu a shirin ba zai wanke kansa daga abin da ya aikata ba don kawai ya riga kowa kai rahoto.

Wasu jihohin sun ga cewa ɓoye sunan mai magana ya fi yi masa alƙawarin nasara a kotu. Kolorado ta buɗe layin Safe2Tell a 2004, dokar jiha kuma ta kare sirrin masu kira. Fensilbaniya ta fara Safe2Say Something a Janairun 2019 ƙarƙashin ofishin Antoni Janar.

Masu suka suna da abin faɗa, kuma ba shirme ba ne. Yaron da aka zarga bisa kuskure kan sha dakatarwa, ko kora, ko ma kwanan caji ofis, sannan ya tarar doka ta rufe masa ƙofar neman hakkinsa daga wanda ya ambace shi. A jihar Tenesi, inda dokar 2024 ta mai da barazanar kai hari a makaranta babban laifi, 'yan jarida sun kawo labaran yara ƙanana da aka kama saboda raha ko jita-jita. Yadda kariyar mai rahoto ta yi ƙarfi, haka nauyin tantancewa ya koma wuyan wanda ya karɓi rahoton.

A nan ɗin ne kuma aka fi yin tuntuɓe. Ranar 5 ga Janairun 2018 wata mata ta kira hukumar FBI ta yi bayani dalla-dalla kan wani matashi mai tara bindigogi da take tsoron zai afka wa makaranta. Ba a miƙa bayanin ga ofishin hukumar na Miyami ba. Ranar 14 ga Fabrairu matashin ya kashe mutum 17 a makarantar Marjory Stoneman Douglas da ke Parkland a jihar Fulorida. Cikin makonni kaɗan jihar ta kafa sabuwar dokar tsaron makarantu, wadda ta haifar da manhajar kai rahoto ta FortifyFL. A 2022 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta amince ta biya iyalan mamatan da waɗanda suka tsira dala miliyan 127.5 saboda rahoton da aka karɓa aka ajiye.