Kaduna: Daga Gonakin Gbagyi Zuwa Masaƙun Kakuri

Garuruwanmu irin su Kano, Katsina da Zariya kowanne yana da ganuwa da jerin sarakuna na ɗaruruwan shekaru. Kaduna kuwa ba ta da ko ɗaya. A farkon ƙarni na 20 babu kome a wurin sai ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna noman doya da dawa a gefen kogin nan mai kadduna, wanda aka ce daga gare shi sunan garin ya fito.

Abu biyu ne suka jawo hankalin Lugga, wato Gwamna Lugard: ruwan kogin, da layin dogo da ya ratsa ta nan zuwa Kano a 1911. A 1917 aka tashi hedkwatar Arewa daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna. To amma shekara arba'in da suka biyo baya, garin sojoji ne da akawuna da leburorin reluwe, ba garin sana'a ba.

Auduga ce ta canza lamarin. Tun da daɗewa manoman Funtuwa, Gusau da ƙasar Zazzau ke noma ta, a gurje, a ɗora a jirgi zuwa Ingila, a saƙa, sannan a dawo mana da yadin mu saya da tsada. Wannan ya dami Sardauna Ahmadu Bello. Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila, a 1957 masaƙar KTL ta fara fitar da akoko a Kakuri. Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya cikin shekarun 1960. Nan da nan Kakuri da Makera suka cika da baƙi daga Binuwai, Filato, Kudancin Zariya da ƙasar Hausa. Ɗan manomi da bai san lokaci ba sai da rana da kiran salla, ya koyi tashi da jiniya, ya koyi aikin dare da jiran albashin ƙarshen wata. Abin mamaki, marubutanmu na soyayya ba su cika leƙa wannan unguwa ba, alhali labari na nan jibge.

Kuɗin man fetur ya ƙaro kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975 da matatar mai a 1980. Sai dai waɗannan ba su da saiwa a gona kamar masaƙu: kayan Peugeot daga Faransa ake kawo su, ɗanyen mai kuma ta bututu daga Kudu.

Daga tsarin SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an gani, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Da yawa daga cikin masaƙan da aka sallama suka koma acaba, wasu kuma suka ɗauki fartanya suka koma ƙauyukan da iyayensu suka baro.