Biri gaban tele

A 1991, lokacin yaƙin Gulf, CNN ta riƙa nuna ruwan bama-bamai kan Bagadaza kai tsaye, mutane na kallo daga ɗakunansu. A 1992 sai Roger Waters, tsohon mawaƙin Pink Floyd na Ingila, ya fitar da faifan Amused to Death. Jigonsa biri ne zaune gaban tele yana ta canza tasha. A wata waƙar, Marv Albert, mai sharhin wasanni a Amurka, shi ke ba da labarin harin jirgin yaƙi kamar ana buga ƙwallo. Ka ga ke nan kisa ya zama abin nishaɗi. Waters ya kuma caccaki masu fakewa da sunan Allah su tura ƴaƴan wasu fagen fama.

Amma faifan ya fara ne da muryar Alf Razzell, tsohon sojan yaƙin duniya na ɗaya, yana tuna ɗan uwansa soja da ya bari da rauni, ya kasa ɗauko shi. Mahaifin Waters ma yaƙi ne ya ci shi a Italiya a 1944.

To ƴan uwa, yau telen tana cikin wayoyinmu, kuma mu ne masu canza tashar.