Babi na Biyu: Madubin Likita da Tarihin Yaƙi da Makantar Kogi a Arewa

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin nuna yadda madubin likita, wato na'urar ƙara girman abin da ido ba ya gani, ya taimaka wajen gano musabbabin makantar da ta addabi mazauna bakin koguna a Arewacin Nijeriya.

2.1 Gano Tsutsar

Kafin zuwan wannan na'ura, akan danganta irin wannan makanta da sammu ko iskokai. Dalili kuwa shi ne, 'ya'yan tsutsar da ke haddasa ta ba su wuce sulusin milimita ɗaya ba. A 1875 ne John O'Neill ya gan su a fatar wasu majiyyata a ƙasar da ake kira Gana a yau. A 1911 Allvar Gullstrand na Suwidin ya ƙera madubi mai tsagar haske, wanda ke bai wa likita damar leƙa cikin idon mai rai. Sai kuma a 1926 Blacklock ya tabbatar a Saliyo cewa baƙin ƙudan rafi ne ke yaɗa cutar.

2.2 Aikin a Arewa

Mishan ta S.I.M. ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. A shekarun 1950, likita F. H. Budden ya binciki idanun mutanen karkara a Jihar Arewa, ya nuna irin ɓarnar da tsutsar ke yi. Bayan kamfanin Merck ya fara ba da maganin ivermectin kyauta a 1987, Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da abokan aikinta suka gwada shi a ƙauyukan Jihar Kaduna. Sakamakon da suka buga a 1993 ya nuna cewa shan maganin sau ɗaya a shekara yana rage lalacewar jijiyar gani.

2.3 Naɗewa

Idan aka yi la'akari da bayanan da suka gabata, za a ga cewa sai da aka ga tsutsar kafin aka iya auna ingancin magani, domin ta ƙirga 'ya'yanta a fata da ido ake sanin ko ya yi aiki. Amfanin wannan dogon aiki ya bayyana a Janairun 2025, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Jamhuriyar Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar.