Fasto James Wuye: Daga ɗaukar makami zuwa hidimar sulhu

James Movel Wuye fasto ne na cocin Assemblies of God a Kaduna, wanda a da ya jagoranci matasa Kirista masu ɗauke da makamai.

A rikicin da ya ɓarke a Kaduna a 1992, bayan tarzomar Zangon Kataf, ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren kuma, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu.

Mutanen biyu sun haɗu a 1995, daga bisani suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai.

Sai dai Fasto Wuye ya sha bayyana cewa ya daɗe yana ƙullace da abokin aikin nasa, har wani malamin coci ya gargaɗe shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuci.

Daga nan ne ya ƙasƙantar da kai, ya miƙa lamarin ga Allah, ya yafe.

A 2002 sun haɗa shugabannin addinai 22, waɗanda suka sanya hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna.