Hubert Ogunde da Masu Raba Fasaharsa Gida Uku

Gabatarwa

Wannan maƙala martani ce ga wani ra'ayi da ya daɗe yana yawo tsakanin manazarta wasan kwaikwayo, wanda wani abokin aikinmu ya fi kowa tsayawa a kansa. A ganinsa, Hubert Ogunde na gaskiya shi ne na dandamali, daga 1944 zuwa 1966. Faya-fayen waƙoƙinsa talla ce kawai ta jawo 'yan kallo, finafinansa kuwa ci baya ne na lokacin tsufa, inda neman kuɗi ya rinjayi fasaha. Ina ganin wannan rabo bai yi wa mutumin adalci ba, bai kuma dace da yadda aikin ya gudana ba.

Tarihin Ogunde ba ya buƙatar dogon bayani, Ebun Clark (1979) da Biodun Jeyifo (1984) sun riga sun share fagen. An haife shi a Ososa kusa da Ijebu-Ode a 1916, ya yi koyarwa, ya yi aikin ɗan sanda, sannan ya tuɓe kaki ya kafa ƙungiyar da wasa kaɗai ne abincinta. Ya rasu a Landan a 1990.

Waƙa ce tushe

Abokin aikin namu ya ɗauki waƙa a matsayin ado da aka yaɓa wa wasa daga baya. Tarihin aikin ya nuna akasin haka. Wasan Ogunde na farko, The Garden of Eden and the Throne of God, wanda aka nuna a zauren Glover da ke Legas a 1944 don tara wa wata cocin Aladura kuɗi, rera shi aka yi, kiɗa da amshi ne suka ɗauki labarin. Ƙungiyar ma da sunan kiɗa ta fara, African Music Research Party. Zance na fatar baki tsakanin 'yan wasa daga baya ya samu wuri. Saboda haka, lokacin da Ogunde ya shiga ɗaukar faifai, abin da ya riga ya kasance ƙashin bayan wasansa ya sanya a garmaho.

Yoruba Ronu ta 1964 ta isa shaida. Rikicin Awolowo da Akintola ne jigonta, an kuma yi ta a waƙe da wasa. Gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyar Ogunde wasa a duk faɗin jihar, haramcin da bai ɗage ba sai bayan juyin mulkin 1966. Motar 'yan wasa ana iya tare ta a hanya, amma waƙar da ta riga ta shiga faifai da bakin jama'a ba ta tsaya neman izinin kowa ba. Da wuya a ce abin da ya ci gaba da isar da saƙon mutum a lokacin da aka rufe masa dandamali talla ce kawai. A wannan gaɓa, ina jin, hujjar abokin aikin namu ba ta da ƙafar tsayawa.

Batun fim

Inda hujjar abokin aikin namu ta fi ƙarfi shi ne nan, kuma ya kamata a ba ta haƙƙinta. Yana cewa a dubi Strike and Hunger, wanda yajin aikin gama-gari na 1945 ya haifar, har hukuma ta hana nuna shi a Jos. A dubi Bread and Bullet, da aka gina kan harbin mahaƙa kwal 21 a Iva Valley ta Inugu a watan Nuwamba 1949, wanda shi ma aka hana a Kano a farkon shekarun 1950. Sannan a kwatanta su da Aiye da Jaiyesimi, finafinan mayu da bokaye. Yana tambaya, ina mutumin da ya tsaya gaban Turawan mulkin mallaka ya shiga?

Amsa ta farko ita ce Aiye wasan dandamali ne kafin Ola Balogun ya ba da umarnin ɗaukarsa a fim. Idan akwai laifi a jigon maita, to a kan dandamalin da abokin aikin namu yake yabo aka fara shi. Ogunde ɗan malamin coci ne, jikan bokan Ifa ta wajen uwa, kuma kokawar alheri da sharri a duniyar ɓoye tana cikin aikinsa tun wasannin da ya ɗauko daga Baibul. Wanda ya zaɓi wasannin siyasa kaɗai ya kira su Ogunde, ya bar sauran, shi ne ya ƙera ci bayan da yake kuka da shi.

Amsa ta biyu ta shafi yadda aka tafiyar da fim ɗin. 'Yan wasan da suka hau dandamali su ne dai a gaban kyamara, kiɗan da rawar su ne dai, kuma masu wasan yawo na Yarbawa sun riƙa ɗaukar finafinansu gari-gari suna haskawa a zauruka da makarantu, kamar yadda suka saba yawo da wasa. Hanyar ba ta canja ba, kayan da ke cikin mota ne suka canja. Ban da haka, a 1986, yana tsakiyar harkar fim, gwamnatin tarayya ta kira shi ya haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa, ya amsa, sannan ya fitar da Ayanmo a 1988. Mutumin da ya juya wa dandamali baya ba zai ɗauki wannan nauyi yana da shekara 70 ba.

Duk da haka, dole in taƙaita abin da nake iƙirari. Gaskiya ne finafinan ba su da kaifin siyasar wasannin 1945 zuwa 1964. Gaskiya ne kuma nasarar Aiye ta ja sauran ƙungiyoyin yawo zuwa fim, daga nan zuwa bidiyo bayan da faɗuwar darajar naira ta sa fim ɗin silima ya gagari aljihu, har wasan yawo ya ja baya. Ban ce finafinan sun kai wasannin daraja ba. Abin da hujjojin suka ba ni damar faɗi shi ne, zubi da tsari iri ɗaya ne ya ratsa dandamali da faifai da fim, wato labari da waƙa ke ɗauke da shi, ƙungiya guda ke yinsa, ana kai shi inda jama'a suke. Ana iya jayayya kan inganci, amma batun cewa sana'o'i uku ne mabambanta, ɗaya ta gaske biyu na neman abinci, ba ya tsayawa.

Kammalawa

Wannan muhawara ta shafe mu a nazarin Hausa. Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya yi rediyo ya yi talabijin. Kasimu Yero ya fito a Magana Jari Ce da Cock Crow at Dawn. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya haɗa barkwanci da fim da waƙa. Tarihinsu ya sha bamban da na Ogunde, musamman ganin tasirin finafinan Indiya a waƙar fim ɗin Hausa, amma haɗarin ɗaya ne: manazarci ya tsinci ɓangaren da sashensa na jami'a ke koyarwa, ya kira sauran shirme. Ina kira ga ɗalibanmu masu rubuta kundi a kan irin waɗannan masu fasaha da su tattara kaset da faifai da fim da shaidar waɗanda suka kalli wasan da idonsu, su auna aikin gaba ɗayansa kafin su yanke hukunci.