Gamba: ciyawar tudu a kwarin Rima

Gamba, wadda masana tsirrai ke kira Andropogon gayanus, ciyawa ce da ba ta mutuwa da ɗaukewar ruwa. Ganyenta ya bushe, saiwarta mai zurfi ta yi kwantan rani, har na tsawon wata tara. Da ruwan farko ya sauka sai ta tofo, tun sauran ciyayi ba su leƙo ba, a daidai lokacin da shanu suka fi ramewa. A ƙasa mai kyau takan kai mita 3 zuwa 4.

Hekta guda kan ba da tan 4 zuwa 25 na busasshiyar ciyawa a shekara, gwargwadon ruwa da taki. A jigawar Birnin Kebbi da Argungu, inda damina gajera ce, kada a sa ran adadin sama. Amma lokacin yanka ya fi nauyin ciyawar muhimmanci. Tana ɗanya, sinadarin gina jikinta kan kai kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Idan ta fid da kai ta ƙeƙashe, yakan faɗi ƙasa da kashi 2, ta zama cika-ciki kawai. Nan buƙatu suka rabu: makiyayi da mai turken rago a unguwa irin Gesse ɗanyar suke so, mai saƙar zana da mai jinka kuwa sai ta riƙa.

An kai ta arewacin Ostireliya a 1931 domin kiwo, ta fi ƙarfin dabbobin can, ta zama makamashin gobarar daji. A Kolombiya kuwa an fitar da ingantaccen irinta a 1980.

Matsalar Kebbi ta ƙarancin fili ce. A da, fadamar Rima ce mafakar garke da rani. Noman rani na shinkafa ya ƙara bunƙasa a cikinta tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Shanun da suka rasa fadama tudu suke komawa, gamba kuwa ba ta jure kiwo ba hutu. Dokar makiyaya ta Arewa ta 1965 ta tanadi keɓe filayen kiwo, amma shata iyaka ba ya tsirar da ciyawa. Sai an shuka, an kuma hana shiga har tushen ya kafu.